Aron Cibiya Daga Bawku

Tun da na dawo Kumasi ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta tare ni a ƙofar ɗakin gwaji sai ta ce, "Rahinatu, yaya Arewa? Ina tsarabarmu?" kamar wadda ta je yawon shan iska. Doyar da na kawo an cinye, albasa an raba, amma tambaya ta ƙi ƙarewa. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, wadda ta sake tambayata in miƙa mata ta karanta, ni kuma in koma aikina.

Sai na fara da abin da ya kai ni, don har ƙawayen nawa da yawa sun ɗauka allura nake yi wa mutane. A cikin kowace jijiyar jini akwai wata shimfiɗa siririya ta ƙwayoyin halitta, ita jini ke goga yana wucewa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da duk umarnin gadon da mutum ya samu daga uwa da uba, amma ba duka take aiki da su ba, wasu a buɗe suke, wasu a kulle. In jini na tafiya sumul, ƙwayoyin sukan buɗe umarnin da ke sa jijiya ta saki jiki, bangonta ya yi santsi. In abu ya ɓaci sai su kulle waɗannan, su buɗe na tsukewa da kumburi. Abin da nake bi shi ne, macen da jininta ya hau tana da ciki, har wata ta kai ga jijjiga, shin ciwon yana barin alama a kan waɗannan makullai a jijiyoyin jaririnta? Hanyar samun ƙwayoyin ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba ita ce igiyar cibiya bayan an yanke ta, domin akwai babbar jijiya a cikinta. Kamar ɗani guda ya ishe ni.

Ƙwayoyin da muke aiki da su a da sayo su ake yi daga Turai a 'yan kwalabe, na 'ya'yan Turawa. Masu tallafa mana suka ce su na matan Arewa suke son gani. Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, ya tambaya wa zai iya samowa, ni kuwa bakina bai nemi shawarata ba ya ce, "Ai mutanena ne. Asalinmu Salaga." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce to madalla, amma in na dawo hannu biyu zai rufe aikin, ya mai da ni ƙarƙashin wani in riƙa auna ɓeraye. Shekarun da na zuba a kan jijiyoyin nan duk su bi ruwa ke nan. Na ɗauki izinin asibitoci, na ɗauki kula cike da ƙanƙara da kwalaben ruwan ajiya, na kama hanya da taƙama.

Taƙamar ta fara narkewa a Yeji, tare da ƙanƙarar. Jirgin ruwan da ke tsallakar da motoci zuwa Makango ba shi da lokacin tashi sai wanda ya tashi. Muna zaune a rana, warin kifin banda ya cika ko'ina, sai wani dattijo ya dubi kulata ya ce, "'Yata, ƙanƙara ne a ciki? Sa mini ɗaya a ruwa na." Ba a hana tsoho ruwan sanyi. Ashe idon kowa na kaina. Mai goyo ta miƙo kofi, direban lorin doya ya miƙo gora, wata mai kifi ta ce in ba komai ta ajiye nata a ciki har mu tsallaka. Kafin mu taka Makango na zama mutuniyar kirki a bakin jama'a, an sa mini albarka da harsuna huɗu ko biyar, kula kuwa ta koma tulun ruwan ɗumi.

A Salaga na sauka wurin Gwaggo Azumi, yayar mahaifina. Kakanninmu fataken goro ne, jikokinsu yanzu doya suke lodi zuwa Kudu, amma girman kai bai ragu da ƙwayar goro ɗaya ba. Gwaggo tana kirana Dokta in akwai baƙi, tana kirana Rahi in za ta yi faɗa. Aka kirɓa sakwara, aka yi miyar gyaɗa da zabo, maƙwabta suka yi ta shigowa ganin 'yar Alhaji mai karatun likita. Sai da tsakar gida ta lafa ta tambaye ni aikin da ya kawo ni. Na yi mata bayani da murna, har da zana jijiya da yatsa a kan tabarma.

Ta ajiye lomar da ta ɗauka. "Cibiyar wa?"

"Ta jarirai, Gwaggo. Guntu kawai, bayan an yanke. Ai abin jefarwa ne."

"Jefarwa a gidan uban wa, Rahi?"

Abin da na manta, ko kuma ban taɓa damuwa in sani ba, shi ne Gwaggo ce mai binne mabiyiya a unguwar gaba ɗaya. Washegari wata maƙwabciya ta sauka, aka kawo mabiyiyar daga asibiti a roba mai murfi, Gwaggo ta ce in biyo ta in ga abin jefarwa. Ta wanke ta da ruwan ɗumi a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, ta naɗe a farin ƙyalle, aka haƙa rami a bayan ɗakin mai jego. Ta shimfiɗa ta, ta gyara igiyar ta kalli sama, ta sake dubawa. Ta ce in aka kife ta mahaifar mace ta rufe ke nan. Kuma ba a binne ta da giɓi.

"Abin da ya yi wata tara yana ciyar da mutum," ta ce tana tura ƙasa da tafin hannu, "ba a sallamarsa a gutsure."

Na ce mata a kimiyyance babu abin da ya haɗa ramin nan da mahaifar kowa. Ta ce haka ne, ita ba ta yi kimiyya ba. Sannan ta ce, "Ke a asibitin Kumasi aka haife ki, uwarki ta baro taki a can, ba wanda ya san inda ta shiga. Shi ya sa ga ki nan da girmanki kina yawo da kula kina neman ta mutane."

Na ji haushi ƙwarai, musamman da matan da ke wurin suka yi dariya har da tafawa.

A asibiti ma'aikata sun karɓe ni hannu bibbiyu. Masu jego kuwa ba wadda ta ce mini a'a. Kowace sai ta yi murmushi ta ce in tambayi uwar mijinta, uwar miji ta ce in sha Allah za ta yi shawara, shawarar kuma ashe da Gwaggo Azumi ake yin ta. Daga baya na gano ta riga ni zaga gidajen masu ciki. Ba ɓata ni ta yi ba, Allah ya sani. Cewa ta yi kada su ji haushina, yarinya ce mai hankali, karatu ne ya yi mata yawa, a taya ta da addu'a. Addu'a kuwa na sha ta. Wata tsohuwa har gida ta biyo ni ta dafa kaina ta tofa. Na bar Salaga da buhun doya, da ƙullin daddawa, da kwalabena yadda na zo da su.

Hanyar Bimbila zuwa Yendi ba zan ce komai a kanta ba, ƙuguna ne ya san labarinta. A Yendi na sauka gidan Malam Yakubu, aminin mahaifina, mai makarantar zaure a bayan kasuwa. Mu a Salaga muna ji da gaisuwa, amma Dagombawa sun fi mu nisa. Mace za ta durƙusa ta yi ta amsa "naa, naa" har sai an tambayi lafiyar kowa da komai, kuma ba a tashi sai babba ya gaji. Gwiwoyina da suka saba da kujerar ɗakin gwaji sun yi ƙara a gaban jama'a. Hajiya Sanatu, matar Malam, Badagomba ce mai fara'a wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta dube ni ta ce Kumasi ta cinye mini ƙafa. Ta cika ni da tuwon zafi da miyar ayoyo, da safe kuma wasawasa, wanda na yi shekaru ban sa a bakina ba.

Malam Yakubu shi ne mutum na farko da ya saurari bayanina har ƙarshe. Ya yi ta tambaya, mene ne ke buɗewa, mene ne ke kullewa, in an kulle ana iya sake buɗewa? Na ce wasu ana iyawa, wasu kuwa alamar takan zauna, shi ne ma abin da nake son in gano. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wato littafi ɗaya ne a hannun kowace ƙwaya, amma kowace da shafin da aka buɗe mata." Na ji kamar in rungume shi. Ya ce a iya saninsa babu laifi in don neman magani ne, matuƙar uwa ta yarda kuma ba a wulaƙanta abin ba. Har ya maimaita wa manyan ɗalibansa bayan sallar la'asar, yana nuna ni da tasbaha.

Ganin ƙofa ta buɗe, sai na ce, "Baba, ai na ga matar ɗanka Amina ta kusa."

Ya dubi tasbaharsa kamar yau ya fara ganinta. "Wannan kuma sha'anin cikin gida ne, 'yata. Ki ga Hajiya."

Na ga Hajiya. Ta ce "naa" da fara'a, ta ƙara mini miya.

Duk da haka a Yendi na samu cibiya ta farko. Wata malamar makarantar sakandare ce ta haihu, mai koyar da kimiyya, ta fahimci zancen tun ban rufe baki ba, kuma aka yi sa'a uwar mijinta ta tafi zaman makoki a Karaga. Ungozoma ta yankar mini ɗani guda, na sa a kwalba na rufe. Motar Tamale, inda zan kama ta Kumasi, ta riga ta tashi, sai ta safe. Ƙanƙarata ta ƙare kamar kullum, don haka na naɗe kwalbar a baƙar leda, na tura ta can ƙuryar firjin Hajiya a bayan ƙwaryar fura, na tafi tasha kama wuri. A hanya har na fara shirya yadda zan shiga ofishin Farfesa, in ajiye kula a kan teburinsa ban ce uffan ba.

Da na dawo na tarar da Hajiya tana wanke hannu a bakin rariya, gefen zaninta duk ƙasa.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Na gama maka aikin."

"Wane aiki, Hajiya?"

"Abin yaro da ka sa a firji. Ku 'yan boko ba ku san yadda ake yi ba, na san kunya ya hana ka tambaya. Na wanke, na sa a farin ƙyalle, yana gindin mangwaro. Kada ka damu, sama yake kallo."

Na je gindin mangwaron na tsaya. An daddale wurin tsaf, har an yayyafa ruwa. Ko na tono babu abin da zai yi mini, ruwan rijiya da ƙasa sun riga sun gama da ƙwayoyin. Na zauna a kan turmi na yi kuka irin na takaici, wanda ba ka da wanda za ka zaga. Hajiya ta ɗauka tausayin jaririn ne ya kama ni, ta ce ashe ina da zuciya mai kyau, ta dama mini fura. Na sha. Furar kuma, don kada in ci amanar gaskiya, ta yi daɗi.

Saura Bawku. Ƙawata Lamisi, wadda muka yi sakandare tare, ungozoma ce a can, ita ce igiyata ta ƙarshe. Muka bi ta Gushegu da Nakpanduri a wata bas da aka yi don mutum goma sha wani abu aka zuba mata ninki. Tun daga Garu shingaye suka yawaita, a sauke ku, a duba kaya, a mai da ku. A wani shinge soja ya sa na buɗe kula. Ya ga kwalabe jere da jan ruwa a ciki, ya ce na mene ne? Da na ce maganin asibiti ne da an wuce wurin. Amma ni 'yar gaskiya, sai na ce na ajiye cibiyar jarirai ne.

Wata mata a bayana ta ce a hankali, "Sakawa." Wato masu tsafin neman kuɗi. Ni da ko kokon safe ba kullum nake iya saye ba, yau ni ce matsafiya. Sojan ya juya takardun izinina sama da ƙasa, ya kira na gaba da shi, na gaba ya kira Lamisi a waya, sannan aka sake ni. Da muka koma mota matar da ke gefena ta ɗauke ɗanta daga cinyata inda ya yi awa yana barci, ta koma baya. Na gaba ma ya matsa. Tun da na baro Kumasi ban taɓa samun kujera ni kaɗai ba sai ranar, na miƙe ƙafa har Bawku.

Bawku gari ne da ake rufe shago da wuri saboda rikici da dokar hana fita, kowa ya san dalili, ba kuma a cika tambaya ba. Da rana kuwa kasuwa ce ta gaske, albasa tsibi-tsibi, mutanen Togo da na Burkina suna shiga suna fita kamar iyakar zanen alli ce. Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi kowa da harshensa a gida, a kasuwa kuma Hausa ce ke haɗa su, irin wadda mace da namiji duk "kai" ne. Na kwana a ɗakin Lamisi, ta ciyar da ni tubani da mai da yaji, ta saurari labarin Salaga da Yendi tana dariya har da riƙe ciki. Da ta gama ta ce, "A nan ma haka ne, Rahi. Kada ki sa rai."

Ban sa ba. Na yi kwanaki ina zama a bencin ɗakin haihuwa ina gaishe da mutane, ana amsawa ana janye roba mai murfi daga kusa da ni. Har na fara tunanin ɓerayen Farfesa, ina lallashin kaina cewa su ma halittar Allah ne.

Wata safiya aka kawo wata yarinya a bayan babur mai ƙafa uku daga wani ƙauye na bakin iyaka. Sunanta Fati, cikin fari, bai kai wata tara ba. Ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ta cika, ta yi jijjiga a hanya. Aka wuce da ita tiyata. Wannan shi ne ainihin ciwon da na yi shekaru ina karantawa a takarda, kuma ranar na fara ganinsa da fuska. Kunya ta kama ni da na ji zuciyata tana lissafin cibiya alhali ana ƙoƙarin ceton rai.

Aka ciro namiji, ɗan mitsitsi, yana numfashi da ƙyar. Uwar Fati, Mma Adisa, mai sayar da albasa, tana zaune a ƙarshen bencina da robarta a cinya tana jiran a miƙo mata mabiyiya. Ban yi niyyar yi mata magana ba. Ita ce ta juyo.

"Kai ne mai kula ɗin da ake faɗi?"

Na ce ni ce, Mma.

"Me kake yi da shi?"

Na gaya mata a taƙaice, ba zane, ba taƙama, don duk sun ƙare mini. Na ce ciwon da ya kama 'yarta yana tsuke jijiyoyi, ina son in ga abin da ya taɓa a jijiyar jaririn.

"In ka ɗauka, yarinya na zai warke?"

"A'a, Mma. Ba zai yi mata komai ba. Wataƙila ya yi wa na baya amfani, wataƙila kuma in duba in rasa."

Ta dubi murfin robarta. Sannan ta ce, "Babban yarinya na, haka ya yi. Ƙafa ya kumbura, ya faɗi a gona, ya tafi da ciki. Ba wanda ya gaya mini mene ne." Ta share hanci da bakin gyale. "Kyauta babu. Abin nan ba a kyauta da shi. Amma aro akwai. Ka ɗauka ka duba, in ka gama ka kawo, a haɗa shi da ɗan'uwansa. Zan binne saura, in sa dutse a kai, ba zan daɓe ba sai ka zo."

Na yi shekaru ina karatu, na bi garuruwa uku ina roƙo a ba ni, bai taɓa zuwa mini in ce a ara mini ba. Da Fati ta dawo hayyacinta Lamisi ta yi mata bayani da yarensu, ta dubi uwarta, ta dube ni, ta ɗaga kai. Na yi wa Mma Adisa alkawari a gaban Lamisi. Ta ce ba ta san Kumasi ba, amma ta san Allah.

Wannan karon ko limamin gari ne ya roƙi ƙanƙara ba zai samu ba. Na ɗora kula a cinya daga Bawku zuwa Bolga, daga Bolga zuwa Kumasi, ban sauka cin abinci ba, ban yi hira da kowa ba, wanda ya tambaya na ce magani ne. Ina isa na wuce ɗakin gwaji da ƙurar hanya a jikina. Na wanke jijiyar, na ɗura mata ruwan da ke saki ƙwayoyi daga bango, na tara su a faranti da ruwan abincinsu, na sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum. Ragowar igiyar, wadda a ƙa'ida ƙonawa ake yi, na rufe ta a kwalba na sa a injin daskarewa da sunan Fati a jiki.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa madubin gwaji na gan su. Sun kama faranti, sun baje, sun jeru gefe da gefe kamar tsakuwar daɓe. Na yi ta kallo har wuyana ya ƙage. Gwajin farko ya nuna kamar wasu daga umarnin sakin jijiya sun yi shiru fiye da na ƙwayoyin da muke sayowa. Farfesa ya ce cibiya ɗaya ba bincike ba ce, kada in yi rawar kai, sannan ya juya baya don kada in ga yana murmushi.

Cibiyar kuwa ba ta zauna ɗaya ba. Mma Adisa ta koma rumfar albasarta ta gaya wa mata cewa mai kular nan ba sakawa ba ne, aro yake yi. Lamisi ta fara kirana, yau mutum biyu sun yarda, jibi ɗaya, kowace da sharaɗin a dawo mata da nata. Aka tsara yadda za a riƙa aiko su da motar safe. Aikina ya tsira. Yanzu akwai aljihu guda a injin daskarewa cike da kayan aro, kowane da sunan mai shi, Farfesa kuma yana ta ƙunƙuni wai bai san yadda zai bayyana wa masu tallafi cewa akwai tafiya ta musamman don mai da abin da littafi ya kira shara ba. Na ce ya kira Gwaggo Azumi ta yi masa bayani.

Ina cikin canza wa ƙwayoyin abinci wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na cire safar hannu na fita baranda. Murya ce ƙarama.

"Anti, Fati ne. Na Bawku."

Na yi murna, na tambayi jiki, na tambayi Mma, na tambayi mai sunan Malam, don Lamisi ta ce an raɗa masa Yakubu.

"Yaro ya koma," ta ce. "Shekaranjiya."

Na yi mata ta'aziyya da kalmomin da kowa ke yi, ina jin su fanko a bakina. Ta amsa duka. Sannan ta tambaye ni.

"Anti, na wajenka fa? Yana nan?"

Ta tagar baranda ina hango akwatin ɗumin da fitilarsa kore. Na ce yana nan.

"Da rai?"

"Da rai, Fati. Yana ma ƙaruwa."

Na ji ta ja numfashi. "Mma ya ce ka kawo a rufe ramin, tun da mai shi ya tafi. Ni na ce ka bari tukun." Ta rage murya. "Yana cin abinci?"

Na ce yanzu ma abincin nake ba shi.

"To ka koma," ta ce. "Kada ya jira."

Na koma na sa safar hannu, amma sai da na zauna na jira idona ya washe, don ba a aiki a kan faranti da hawaye, ƙwayoyin ba sa son gishirin kowa. Mma Adisa ta aiko ta bakin Lamisi cewa dutsen yana nan inda ta sa shi. Ban ba ta amsa ba, don ban san wadda zan bi ba a cikin su biyun, wadda na yi wa alkawari ko wadda ta haifa.

Fati takan kira in ta samu kati a waya. Ba ta tambayar sakamakon bincike, ba ta ma san da shi ba. Tambayarta ɗaya ce, ko ya ci, ni kuma nakan ce ya ci, kuma gaskiya nake faɗa, don ko ranar hutu ni nake zuwa da kaina, ba na bari wani ya taɓa farantin. Irin waɗannan ƙwayoyi ba sa rabuwa har abada. In an raba su faranti zuwa faranti sau da yawa sukan yi faɗi, su yi nauyi, su daina. Na daskarar da wasu, amma na daskare ba ya cin abinci, kuma ba shi take tambaya ba. Na cikin akwatin ɗumin sun fara faɗi tun makon jiya. Ban gaya mata ba.